Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano: A Auna Ƙarfin Majiyyaci Kafin a Yi Masa Aikin Ƙoda

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya,
Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano.



Ina roƙon Allah ya dafa maka a kan wannan nauyi da ya ɗora maka na kula da lafiyar Kanawa, ya ba ka ikon sauke shi, ya haɗa ka da mashawarta na gari.

Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, cikin ƙaramar hukumar Fagge. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a domin maganar da nake tafe da ita ta shafi kowane gida mai dattijo a cikinsa, kuma ina so 'yan'uwana 'yan kasuwa su karanta, su san nasu rabon aikin. Roƙona guda ɗaya ne: duk wanda za a yi wa aikin ƙoda a asibitocin jihar nan, musamman dattijo, a auna ƙarfin jikinsa tukuna, a rubuta a katinsa, a shirya shi, sannan a gaya wa iyalinsa gaskiyar abin da ke gabansu.

Kantin Kwari kasuwa ce da ake kira mafi girman kasuwar tufafi a Afirka ta Yamma. Daga Maraɗi da Damagaram da Anjamena da Marwa ake zuwa sarin atamfa da shadda da leshi da yadi. Amma duk wanda ya zauna a cikinta ya san ba kaya kaɗai ke zagawa tsakanin layuka ba. Takardar neman taimako ma tana zagawa, kuma sau da yawa idan ka duba za ka ga an rubuta ciwon ƙoda. Wani wankin ƙoda ake yi masa, wani dutse ne ya toshe masa hanyar fitsari, wani ƙari aka gano za a cire ƙodar ɗungurungum, wani kuma dashe ake nema masa a nan gida ko a Masar ko Indiya. Masu shaguna da 'yan tebur da dillalai da 'yan dako kowa ya sa abin da ya sawwaƙa. Kuɗi su haɗu, a shiga da mutum, a fito a ce an yi nasara, mu yi hamdala. Daga nan labari yakan rabu biyu. Wani bayan wata biyu sai ga shi a bakin shago ana yi masa barka. Wani kuwa, da ciwo iri ɗaya da aiki iri ɗaya, sai a ji numfashi ya gagara, ko ɗinki ya ƙi kamewa, ko hankali ya gushe, ko an sallame shi an sake mayar da shi. Wasu a haka suke cikawa. Wasu su rayu, amma ba su sake taka ƙafarsu zuwa masallaci.

Mun yarda rai da ajali na Allah ne. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali. Masana lafiya sun daɗe da gano wani sababi babba da ke raba waɗannan majiyyata biyu, shi ne raunin jiki, wato ƙarewar ajiyar ƙarfin da jiki ke dogara da ita ranar da wahala ta zo. Mu 'yan kasuwa mun ga irin haka a ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022. Shaguna biyu za ka gani a jere, cike da kaya, ba ka iya bambance su. Ruwa ya shiga duka biyun. Mai jari a ajiye ya sake sari ya buɗe, wanda duk kayansa na bashi ne ya rufe ke nan. Haka jikin mutum yake, aikin tiyata kuma shi ne ambaliyar.

Tsufa daban, raunin jiki daban. Akwai ɗan shekara 80 da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa, ya hau bene, ya sauke bandir ɗin shadda da hannunsa. Akwai ɗan shekara 55 da ciwon suga da hawan jini suka cinye, ko matashin da ya shekara biyu a kan injin wankin ƙoda, wanda tashi daga tabarma sai an kama shi. A shekarar 1990, lokacin da Dakta Ralph Clayman da abokan aikinsa suka fara cire ƙoda ta hanyar huda ciki da kyamara a birnin St. Louis na Amurka, tsohuwa 'yar shekara 85 suka yi wa, kuma ta tashi. A Kano kuwa dogaro da shekaru ya fi ko'ina rauni, domin iyayenmu da yawa ba su da takardar haihuwa. Ka tambayi dattijo shekarunsa, ya ce maka yana yaro Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956, ko ya ce ya yi wayo lokacin da aka naɗa Sarki Ado a 1963. Abin da ake rubutawa a kati kintace ne. Ƙarfin hannunsa da saurin tafiyarsa kuwa ana iya auna su yau, a gaban likita.

A shekarar 2001, Dakta Linda Fried ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan bincikenta suka bi diddigin mutane fiye da 5,000 masu shekara 65 zuwa sama, suka fitar da alamomi biyar: ramewa ba da niyya ba har kimanin kilo huɗu da rabi a shekara, gajiya mai yawa, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin zirga-zirga. Mai uku ko fiye daga ciki, jikinsa ya yi rauni. Mai ɗaya ko biyu, ya kama hanya. A 2005 kuma Dakta Kenneth Rockwood na Jami'ar Dalhousie a Kanada ya fito da wani ma'auni da a yau yake da matakai tara, daga mai cikakken ƙarfi har zuwa wanda ke gargara, wanda ma'aikaciyar jinya za ta iya cikawa da 'yan tambayoyi kaɗan game da yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa kafin ciwo ya kwantar da shi.

Da aka kai wannan awo ɗakin tiyata, sai abin ya fito fili. A 2010 aka wallafa binciken Dakta Martin Makary a kan majiyyata 594 masu shekara 65 zuwa sama da aka yi wa aiki a Johns Hopkins. Masu raunin jiki haɗarin samun matsala bayan aiki ya ninka musu kusan sau biyu da rabi, suka fi daɗewa a gadon asibiti, kuma da yawansu ba su koma gida da ƙafarsu ba. A ɓangaren dashen ƙoda, binciken da aka yi a wannan jami'a ya nuna cewa mai raunin jiki, ko matashi ne ko dattijo, haɗarin sabuwar ƙodar ta yi jinkirin fara aiki ya kusa ninki biyu, haɗarin rasuwa kuma ya zarce ninki biyu. Bayanan dubban majiyyatan da aka cire wa ƙoda ko wani yanki nata a asibitocin Amurka su ma hanya ɗaya suka nuna: gwargwadon raunin jiki, gwargwadon matsala.

Ranka ya daɗe, kai likita ne ko mai zama da likitoci, ka fi ni sanin dalili, amma bari in faɗa saboda masu karatu. Ƙoda tana can ƙasan haƙarƙari, don haka yankan da ake yi domin a kai gare ta yana sa numfashi ya yi zafi. Majiyyaci sai ya riƙa shaƙar iska sama-sama, yana tsoron tari. Mai ƙarfi zai daure ya fitar da majina, marar ƙarfi kuwa sai ta taru a huhu ta zama ciwo. Idan an cire ƙoda ɗaya, ɗayar ce za ta ɗauki aikin duka. A jikin mai lafiya tana buɗewa ta cike giɓi mai yawa, amma ƙodar da hawan jini da suga suka shekara ashirin suna ci ba ta da wannan hali, sai a wayi gari mutum ya koma wankin ƙoda. Kwanciyar kanta cuta ce. Wani bincike na 2007 a Amurka ya nuna dattawa masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Wanda dama tsokarsa ta zube, ina zai sami abin tashi? Daga nan sai gudan jini a ƙafa, sai gyambon kwanciya, sai ruɗewar hankali da mukan ɗauka gigin tsufa ne ko shafar aljanu, alhali alama ce ta jiki ya shiga matsi.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata kowa ya sani. Gwajin jinin da aka fi dogara da shi wajen duba aikin ƙoda yana auna wani sinadari ne da tsoka ke fitarwa, wanda ake kira kiriyatinin. Dattijon da ya rame ba shi da tsokar da za ta fitar da shi da yawa, sai sakamako ya fito kamar lafiya lau, alhali ƙodar ta yi nisa. Takarda ta ce a shiga, jiki kuwa yana cewa a dakata.

Na ga wannan a kan uban gidana da ya koya mini kasuwa, Allah ya jiƙansa. Takardunsa duk sun yi kyau, likitocin da suka yi masa aiki sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin da zan zarge su da shi. Amma mu da ke zaune da shi mun san ya daɗe yana salla a zaune, zoben azurfarsa ya fara zamewa daga yatsa, ya bar hawa benen da ake ajiye kaya, kuma idan ya ba ka hannu ba ka jin damƙar da muka sani. Ba wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu san abin faɗa ne ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma sai an tambaye shi.

Abin farin ciki shi ne gano raunin jiki yana ceton rai, kuma an gwada an gani. A asibitin tsofaffin sojoji da ke Omaha a jihar Nebraska ta Amurka, an sa dokar auna duk wanda za a yi wa aikin da ba na gaggawa ba. Idan aka ga jikinsa ya yi rauni, sai a dakata, manyan likitoci su sake duba shirin, a zauna da shi da iyalinsa. Rahoton da Dakta Daniel Hall da abokansa suka wallafa a 2017 ya nuna mutuwar masu raunin jiki cikin kwana 30 bayan aiki ta sauko daga kashi 12.2 cikin ɗari zuwa kashi 3.8. Ba sabon inji suka sayo ba. Tambaya suka ƙara, da zama, da shiri. A Landan ma, asibitin Guy's da St Thomas' ya kafa sashe tun 2003 inda likitocin tsofaffi ke karɓar dattijo kafin aiki su raka shi har ya koma gida. A nan Najeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih a 2012.

Kano ba baƙuwa ba ce a aikin ƙoda. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi dashensa na farko a 2002, shekara biyu kacal bayan asibitin St. Nicholas na Legas ya fara a ƙasar nan. Jiha tana da asibitin Abubakar Imam na cututtukan mafitsara, ga Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ga na Muhammad Abdullahi Wase a Nasarawa. Nan ake kawo marasa lafiya daga Jigawa da Katsina da Jamhuriyar Nijar, da kuma yankin Gashuwa da Nguru da Haɗeja inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a. Zafin ƙasarmu da ƙarancin shan ruwa suna haifar da dutse, tsargiya tana lalata hanyar fitsari, ga ɗan dakon da ke wuni ƙarƙashin dila yana haɗiyar diklofenak da ibufurofen kullum domin ya iya fitowa gobe. Jama'armu kuma ba su zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, bayan an sha jiƙe-jiƙe an gaji. Ke nan mu ne muka fi kowa buƙatar wannan awo. Na san Asibitin Malam na gwamnatin tarayya ne, ba ya ƙarƙashinka, amma idan jiha ta fara, zama ɗaya da shugabanninsa zai isa a tafi tare.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Na farko, a ba da umarni ta hannun Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha cewa duk ɗan shekara 60 zuwa sama, da duk mai wankin ƙoda ko mai doguwar jinya komai ƙarancin shekarunsa, a auna ƙarfin jikinsa kafin a sa masa ranar aiki. Kayan aikin su ne kujera, agogo, sikeli, da 'yar na'urar auna damƙar hannu. A sa mutum ya tashi daga kujera, ya taka mita uku, ya juyo ya zauna. Idan ya wuce daƙiƙa 12, alama ce. A kafa wannan sharaɗi ga asibitoci masu zaman kansu ta hannun hukumar da ke sa musu ido, domin can ne 'yan kasuwa da yawa ke kai iyayensu.

Na biyu, wanda aka ga jikinsa ya yi rauni, a dakata a zauna: likitan tiyata, likitan sa barci, likitan ƙoda, majiyyacin da kansa, da iyalinsa. A yi magana da Hausa, a fili. A faɗi duk hanyoyin da ake da su. Wani yankin ƙodar kawai za a iya cirewa a bar masa saura. Wani huda ta fi masa yanka. Ƙaramin ƙari da bai kai santimita huɗu ba yawanci a hankali yake girma, wasu ma ba daji ba ne, don haka ga dattijo mai rauni likitoci sukan zaɓi sa ido da ɗaukar hoto lokaci-lokaci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai ina jaddadawa da babbar murya: kada wannan awo ya zama ƙofar korar tsofaffi ko talakawa daga asibiti. Kuma aikin gaggawa, kamar ƙodar da ta toshe ta yi mugunya, ba ya jiran kowa.

Na uku, a kafa shirin gina jiki na 'yan makonni kafin aiki ga wanda ciwonsa zai iya jira. Tafiya kullum, atisayen numfashi, gyara ƙarancin jini, saita suga da hawan jini, barin taba, dakatar da ƙwayoyin kashe ciwo masu cin ƙoda, da abinci mai gina tsoka irin su wake da ƙwai da kifi da nono, bisa awon masanin abinci, tunda mai ciwon ƙoda ba kowane abu ya dace da shi ba. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin motsa jiki, da yawansu suna neman aiki. A ɗauke su, a sa su a ɗakunan tiyata.

Na huɗu, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ta sa wannan awo da wannan shiri cikin abin da take biya, ta kuma shigo kasuwanni ta yi wa 'yan tebur da 'yan dako da masu tura kura rajista. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta yi tanadin asusu domin masu rauni, tsofaffi suna ciki. A nemo wa Kano rabonta.

Na biyar, a buɗe kundi da za a riƙa rubuta halin kowane majiyyaci bayan kwana 30 da kwana 90: yana raye? An sake kwantar da shi? Yana tafiya da kansa? Alƙaluman da na kawo duk na ƙasashen waje ne, ya kamata mu mallaki namu. A ba masu bincike na jami'o'inmu tallafi su tsara ma'auni da Hausa, su gwada ingancinsa, da tambayoyin da suka dace da rayuwarmu: yana iya tashi daga sujada ba tare da dafa bango ba? Yana zuwa masallacin Juma'a da ƙafa? Tana iya ɗaukar buta ta yi alwala da kanta? Yaushe aka fara rage masa wando?

Na shida, jihar da ta kai Kano yawan jama'a ta cancanci sashen kula da tsofaffi a ɗaya daga cikin manyan asibitocinta, da likitocin da aka tura suka ƙware a wannan fanni.

Mu ma 'yan kasuwa da sauran jama'a muna da namu gyaran. Mun iya haɗa kuɗin aiki, amma ba mu iya tambayar ko jikin zai ɗauka ba. Wani yana ganin abin kunya ne a ce yana da hali bai kai mahaifinsa waje ba, sai a ɗora dattijon da ko cokali ba ya iya riƙewa a jirgi zuwa Alƙahira ko Delhi. Wani ya ɓoye wa likita magungunan gargajiyar da ake sha a gida. A wurin jinya kuma, saboda tausayi, mukan hana majiyyaci motsi, mu ce kwanta ka huta, alhali likitoci suna so ya tashi zaune ya taka tun washegarin aiki idan hali ya yi. A mayar masa da tabaransa, a buɗe taga ya ga hasken rana, a riƙa gaya masa lokutan salla, a bar wanda ya saba da shi kusa, a rage cincirindon 'yan dubiya. Duk waɗannan suna kare shi daga ruɗewa. Idan ma'aikatarka ta turo ma'aikata Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari da Singa da Ƙofar Wambai domin auna hawan jini da suga da fitsari, misali a Ranar Ƙoda ta Duniya da ake yi Alhamis ta biyu a watan Maris, ina da yaƙinin 'yan kasuwa za su ba da wuri su kuma fito. A haɗa da gidajen rediyo da limaman Juma'a, saƙon zai shiga har cikin gidaje wurin iyayenmu mata, waɗanda su ne suka fi haƙuri da ciwo kuma suka fi ɓoye shi.

Ranka ya daɗe, ban roƙi gini ko na'ura mai tsada ba. Na roƙi takardar umarni, da horo ga ma'aikata, da 'yan mintoci a gaban kowane dattijo kafin a shiga da shi. Dattawan nan su suka gina kasuwar nan da haƙuri da amana, su suka biya harajin da aka gina asibitocin nan. Ina roƙonka, don girman Allah, ka kira shugabannin asibitoci da likitocin ƙoda da na tiyata ka sa wannan magana a gabansu, ka fara da asibiti ɗaya a wannan shekara, ka bayyana wa jama'a sakamakon.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yi maka jagora, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai fatan alheri,
Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari,
Fagge, Kano.